Kunne ya girmi kaka, to in kunnen kakan ya daina ji fa?

Yau zan ɗan kai ku nesa, ƙasar Ostireliya. A yi haƙuri da tsawon rubutun.

A birnin Melbon na ƙasar ne Farfesa Graeme Clark ya dasa wa wani kurma na'urar ji a cikin kunne a 1978, kuma har gobe kamfaninsu na Cochlear yana sahun gaba a duniya wajen ƙera ta. Amma a ƙasar nan dai, da hukumar ƙididdiga ta auna jin 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin da mutanen tsibiran Torres, tsakanin 2018 da 2019, sai ta samu kashi 43 cikin 100 na masu shekara 7 zuwa sama suna da raunin ji. A masu shekara 55 zuwa sama kuwa, kashi 82 ne. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, kusan takwas cikin goma na waɗanda gwajin ya nuna suna da matsalar ba su ambace ta ba da aka tambaye su lafiyarsu. Mutum ya saba da rabin ji har ya ɗauka haka duniya take.

Kada a ce tsufa ne kawai. Yawancin dattawan nan tun suna goye abin ya faro. Ciwon kunnen da ke tara ruwa a bayan dodon kunne, wani lokaci ya huda shi ya riƙa zubar da mugunya, ya yi katutu a ƙauyukansu saboda cunkoso a gidaje, da hayaƙi, da nisan asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in irin wannan ciwo ya wuce kashi 4 cikin 100 a al'umma, ya zama babbar matsalar da ke buƙatar gaggawa, kuma ƙauyuka da dama a arewacin ƙasar sun daɗe da zarce wannan. Yaron da ya tashi da hudajjen kunne, in ya kai hamsin sai tsufa ya zo ya ƙarasa.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba, a faɗi gaskiya. Ta hannun hukumar Hearing Australia, ɗan Aborijin da ya kai shekara 50 yana da damar a gwada shi a ba shi na'urar ƙara ji kyauta. A takarda abin sai son barka. To amma mu da muke aikin gwamnati mun san tazarar da ke tsakanin takarda da mutum. Ƙwararrun sukan leƙa ƙauyukan nesa ne jifa-jifa. In batir ya ƙare ko na'urar ta lalace bayan sun tafi, sai dai ta koma aljihu. Bayanin da Turanci ake yi, alhali wasu dattawan Turanci shi ne harshensu na uku ko na huɗu. Ga kuma tabon tarihi: har zuwa wajen 1970 jami'an gwamnati na raba yaran Aborijin da iyayensu, abin da Firaminista Kevin Rudd ya nemi afuwa a kansa a 2008. Yaran da aka ƙwace a lokacin su ne tsofaffin yau. Wanda aka yi wa haka ba zai ji an ce "ga jami'i ya zo" ya taso da gudu ba.

Kuma asarar ba ta tsaya a kunne ba. Tsohon da ba ya ji, likita zai yi masa bayanin maganin suga, ya gyaɗa kai don kunya, ya koma gida ya sha ba daidai ba. Zai janye daga taro, a fara cewa ya rikice. Masana sun sa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa, wanda mu muke cewa gigin tsufa, kuma ciwon ya ninka sau uku zuwa biyar a cikin Aborijin in aka kwatanta da sauran 'yan ƙasar. Sannan kafin zuwan Turawa a 1788 suna da harsuna fiye da 250, yau waɗanda yara ke tashi da su ba su kai 20 ba. Waƙoƙinsu da dokokinsu da sanin ƙasarsu duk a baki suke. In jika ya yi tambaya kaka bai ji ba, sau biyu, sau uku, jikan zai daina tambaya.

Ni a ganina mafita tana hannun asibitocin da Aborijin ke tafiyarwa da kansu. Na farko sun buɗe shi ne a unguwar Redfern ta birnin Sidni a 1971, yanzu sun haura 140. Can dattawan suka yarda su je. A sa gwajin ji ya zama dole cikin duba lafiyarsu na shekara, kada a jira su kawo kuka, tunda ƙididdiga ta nuna ba za su kawo ba. A horar da 'ya'yansu su iya gyaran na'ura da canjin batir a cikin ƙauye. A kuma gyara gidaje, in ba haka ba jikokin ma layi ɗaya za su bi.

Na san wani zai ce, Malam, ina ruwanmu da Ostireliya? Duba cikin gidanku. Yaro nawa ne kunnensa ke ruwa ana ɗiga masa man ja ana cewa zai wuce? Tsoho nawa muke ɗaga wa murya muna cewa "ai Baba sai haƙuri", ba a taɓa kai shi an auna jinsa ba, alhali ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa nan a Kaduna? In ƙasa mai kuɗi da ke rabawa kyauta ta kasa cim ma tsofaffinta, mu da muke saye sai mu tashi tsaye tun daga yara.

Wanda ya taɓa sayo wa iyayensa na'urar ji, don Allah ya faɗa mana a ƙasa yadda ta kaya, wasu su amfana. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya.