Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Zuwa ga Edita,

Ga wasiƙata ta wannan mako zuwa ga jama'ar Kazaure, da Babura, da Roni, da Gwiwa.

Ya 'yan'uwa, kun sani hadarin farkon damina daga gabas yake taso mana, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya. Masana sun ce wani irin wannan hadari, in ya wuce mu ya faɗa Tekun Atlantika, yakan riƙa ya zama gawurtacciyar guguwa. Irinta ce, wadda aka sa wa suna Mariya, ta ragargaza tsibirin Dominika cikin Satumba, 2017. Mutanen tsibiran nan, da an yi musu shela, sai su tanadi ruwa da abinci, su toshe tagogi da katako.

To, mu ma tun watan Afirilu ya kamata kowane maigida ya yaɓe soronsa, ya gyara indararo, ya ƙara wa kwano ƙusa, ya ɗaure jinkar rumbu, a kuma yashe lambatu. In hadari ya haɗo a shigar da yara ɗaki, kada kowa ya fake gindin itace saboda aradu. Ina roƙon masu unguwanni su taimaka da shela.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku,
Wakilin Kazaure