Ganuwar Salahuddini ta wuce wurin ɗaukar hoto

Duk mutuminmu da ya je Alƙahira, karatu ne ya kai shi ko asibiti ko saro kaya, da wuya ya dawo bai nuna maka hotonsa a gaban Masallacin Muhammad Ali ba. Ni ma ina da nawa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke hawa tudun Ganuwar Salahuddini inda masallacin yake, mu ƙyasta hoto, mu sauko ba mu san ƙasar da muka taka ba.

Masallacin da ake rububinsa ɗan auta ne a wurin. A 1830 aka fara shi, ganuwar kuwa tun 1176 Salahuddini ya aza harsashinta. Sai da Muhammad Ali ya rushe fadojin sarakunan Mamluk kafin ya samu fili. A nan kuma ya gayyaci manyansu biki a 1811, aka datse ƙofa, aka buɗe musu wuta.

Ranar da na je, abokin tafiyata sai mita yake yi: "Malam, rana fa ta yi, mu gangara." Na ja hannunsa muka ratse masallacin Sarki Nasir Muhammad, taku kaɗan daga inda ake turereniya. Tsit, daga mu sai wani dattijo da ke gyangyaɗi kusa da takalma. Ginshiƙan ba su yi kama da juna ba, domin daga tsofaffin gine-gine aka kwaso su, kawunan hasumiyoyin kuma lulluɓe da koren tayil. Wannan sarkin ne Mansa Musa na Mali ya hau ya gana da shi a 1324, a hanyarsa ta Makka, har aka yi ja-in-ja da aka ce sai ya sumbaci ƙasa a gabansa. Da na gaya wa abokina, sai ya nemi wuri ya zauna. Bai sake zancen rana ba.

Akwai kuma Rijiyar Yusuf, kusan mita 90 a cikin dutse, wadda a da shanu ke juya mata guga. Da yawa sun ɗauka ta Annabi Yusuf ce, alhali Yusuf sunan yankan Salahuddini ne.

Ɗalibanmu na Azhar, ku ne 'yan rakiyar baƙi. Don Allah in kun hau da su, ku fara kai su masallacin Nasir, hoton ya biyo baya.