Ina Masu Zambon Kafanchan Suka Shiga?

Duk lokacin zaɓe, in ka ratsa kasuwar Kafanchan, lasifika sai ta kusa fasa maka kunne. Wannan ɗan takara giwa ne, wancan zaki, wancan kuma damina mai albarka. Da an rantsar da su, shiru kake ji. Tashar jirgin ƙasan da ta raya garin nan ta koma kufai, manomi na tsoron zuwa gonarsa, amma ni dai ban ji yaranmu masu shiga sutudiyo sun tsokani mai mulki a kan haka ba.

Abin da ya tayar min da maganar nan wani kiɗan Amurka ne mai suna hardcore punk. Ba zan ce yana da daɗi ba, hayaniya ce da ihu da gudu kamar an biyo su. Amma ku dubi abin da suka yi da shi. Ƙungiyar Dead Kennedys ta kafu a San Francisco a 1978, jagoranta ya laƙaba wa kansa Jello Biafra, i, Biyafara tamu ta yaƙin basasa. Waƙarsu ta farko a 1979 zambo ce ga gwamnan jiharsu, Jerry Brown. A shekarar ya tsaya takarar magajin gari, ya yi alkawarin tilasta wa manyan 'yan kasuwa sa kayan wawaye a cikin birni, kuma mutum sama da dubu shida suka zaɓe shi. Da kamfaninsu na kansu suke fitar da faifai, saboda haka babu ubangidan da zai riƙe musu harshe. Da masu wariyar launin fata suka fara cika wajen wasansu, a 1981 suka yi musu waƙar kora, alhali su ma masu sayen tikiti ne.

Kada wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. Zambo da habaici gadonmu ne. Zamanin NEPU, Mudi Sipikin a Kano da Gambo Hawaja a Jos da waƙa suka yi ta caccakar masu iko. Na san abin yana da tsada. A 2009 an kama Aminu Ala a Kano kan waƙa. A Nuwamban 2022 wata kotu a can ta yanke wa matasa biyu bulala ashirin-ashirin, da tara, da sharar harabar kotu, don sun yi wa Gwamna Ganduje ba'a a TikTok.

To amma tsoro ba shi ne kaɗai matsalarmu ba, don zambon bai mutu ba, alƙibla ya sauya. Ku duba wayoyinku. Habaicin da ke yawo duk a kan maƙwabci yake, ƙabilarsa, addininsa, yadda yake Hausa. A garin da ya ga 1987 ya kuma ga 2011, wannan wasa da wuta ne a bakin rumbu. Wanda ya ci kuɗin hanya kuwa ko a jikinsa, don ya san muddin muna zagin juna ba mai tambayarsa lissafi.

Sai dai mai zambo ya riƙe gaskiya. Audu Maikori, ɗan yankin nan da ya kafa kamfanin waƙa na Chocolate City, an kama shi a 2017 kan rubutunsa game da kashe-kashen Kudancin Kaduna. Daga baya kotu ta ce an tauye masa haƙƙi, amma labari ɗaya da ya yaɗa ya zamo ƙarya, dole ya fito ya nemi afuwa, kuma da wannan aka yi ta dukansa.

Wani zaɓen na tafe, kuma 'yan takara za su sake neman mawaƙa. Wanda ya fara yin waƙar tashar jirgi, ya ambaci masu alhaki da hujja, ya turo mana ita a wannan shafi.