A Tanadi Ɗakin Mai Jinya Tun A Kan Takarda

Sa'ad da aka ce hukuma za ta gina asibitin masu taɓin hankali, abin da ya kan fara zuwa zuciyar mai zanen ginin shi ne katanga: tsawonta, da kaurinta, da irin ƙarfen da za a gitta wa tagogi. Mu a ganinmu an fara daga inda bai kamata ba. Tambayar farko ita ce, ina uwar maras lafiya za ta kwana, ina kuma za ta hura wuta ta dafa masa abinci? In zane bai amsa wannan ba, to, ko nawa aka kashe, gidan yari aka gina aka canja masa suna.

Ba laifin magina kaɗai ba ne, abin gado ne. Gidan mahaukata na Yaba a Ikko, wanda aka buɗe cikin 1907, tsohon ginin ma'aikatar jirgin ƙasa ne. Na Lantoro a Abekuta, wanda aka buɗe cikin 1944, tsohon kurkuku ne. A nan Arewa kuwa, zamanin En'e, wanda hankalinsa ya gushe har ya gagari danginsa sau da yawa gidan yari a kan kai shi, ya zauna kusa da ɓarayi alhali bai ɗauki ko allura ba. A gida ma mari da turu aka sani. Dokar mahaukata ta 1916, da ta 1958 wadda ta biyo ta, maganar tsarewa su ke yi fiye da maganar magani, kuma sai cikin Janairu 1923 da shekara ɗari cif, watau 2023, aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali wadda ta maye gurbinsu.

Kada wani ya ce ai sai mu kwaikwayi manyan gine-ginen Turawa. Sun riga mu gwadawa, sun kuwa ji jiki. Cikin 1854 wani likitan Amurka, Thomas Kirkbride, ya wallafa tsarin ginin irin wannan asibiti. Nufinsa mai kyau ne: ɗakuna jere kamar fikafikai don iska da hasken rana su ratsa ko'ina, da gona, da lambu, ya kuma ce kada asibiti guda ya wuce mutum 250. Amma hukumomi suka ga tara mutane wuri guda ya fi araha, aka yi ta ƙara gini bisa gini, har cikin 1954 asibitin Pilgrim na Jihar Nuyok shi kaɗai yana riƙe da mutum kusan 14,000. Gari ke nan sukutum, amma garin da ba uwa, ba ƙane, ba maƙwabci. Mutane da yawa sun shiga da ƙuruciya, ba su fito ba sai a makara. Yau yawancin waɗannan gine-gine an rufe su ko an rushe.

A cikin wannan shekara ta 1954 ɗin ne wani ɗan ƙasarmu ya bi wata hanya dabam. Dokta Thomas Adeoye Lambo, mutumin Abekuta, ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware kan ciwon hankali a asibitin Maudsley na London, ya komo gida aka ba shi asibitin Aro, wanda a sa'an nan ba a gama gininsa ba. Bai zauna jiran magina ba. Sai ya nemi dagatai da dattawan ƙauyuka huɗu na kewaye, ya roƙe su su ba marasa lafiya masauki a gidajensu, a riƙa biyansu kuɗin haya. Sharaɗi guda ya kafa: kowane maras lafiya ya zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa ko wani dangi, wanda zai dafa masa, ya wanke masa, ya raka shi asibiti da safe shan magani, su komo masauki tare. Su kuwa mutanen ƙauyen aka saka musu da ruwan famfo, da makewayi, da magani, da rance don su ƙara ɗakuna. Ta haka ƙauyukan suka riƙa ɗaukar marasa lafiya 200 zuwa 300, ba katanga, ba mari. Lambo bai kuma raina masu maganin gargajiya ba, ya jawo waɗansunsu ya yi aiki da su, gama ya san wurinsu jama'a su kan fara zuwa. Labarin Aro ya kai ko'ina cikin duniya, shi kansa daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Dalilin da ya sa wannan tsari ya yi amfani ba boyayye ba ne. Mutumin da tunaninsa ya rikice, ya ke jin kamar ana binsa, in aka raba shi da duk fuskar da ya sani aka kulle shi cikin baƙi, tsoronsa ƙaruwa ya ke yi, tsoro kuwa shi ke kawo yawancin faɗan da a ke gina katanga dominsa. Mai jinya na gida ya san abin da ke tunzura ɗansa da abin da ke kwantar masa da rai, shi zai fara lura in ya daina barci ko ya ƙi abinci. Yana nan kuma a kan idonsa a ke ba da magani, ya koyi lokacinsa da adadinsa, ya ga sauƙi yana samuwa. Ran sallama ba baƙo za a mayar wa gida ba. Amma gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗe ta: Lambo ya yi sa'ar zamani, don a shekarun nan ne maganin nan Largactil ya fito, wanda ke sauke zafin ciwon. Ba don magani ba, da ƙauye kaɗai bai isa ba.

Mu da aikinmu ya ke na makarantu mun taɓa ganin ɗaya gefen. Wani ɗalibinmu mai hazaƙa ya kamu da wannan ciwo ana dab da jarrabawa, muka kai shi wani asibiti. Ginin sabo ne, fenti na ƙyalli, amma ba a tanadi ko rumfa ba don dangi. Mahaifinsa, tsoho, ya yi kwana da kwanaki gindin wata bishiya a bakin ƙofa, ana barinsa ya ga ɗansa ta taga. Da guzurinsa ya ƙare sai ya ce a ba shi yaronsa, ya tafi da shi magani bai kai rabi ba. Ba mu zargi tsohon ba.

Akwai masu cewa tsarin Aro na zamanin da ne, ƙauyuka sun zama unguwannin birni, ba mai ba mahaukaci hayar ɗaki yau. Akwai gaskiya a ciki, ko a Aro ɗin ma abin bai ci gaba da ƙarfinsa na farko ba. Akwai kuma nauyin da ke kan dangi: wa zai bar gonarsa da damina ya tare a asibiti wata biyu? Yawanci kan mata abin ke faɗawa, su bar 'ya'ya ƙanana a gida. Waɗansu marasa lafiyan ma ba su da kowa, waɗansu kuwa gidan ne tushen damuwarsu. Duk mun yarda. Amma amsar wannan ita ce a kusantar da asibiti, a yi ƙanana da yawa jikin asibitocin garuruwa, maimakon ƙato guda a bayan gari wanda sai an yi tafiyar yini. In ƙauye ba zai karɓi maras lafiya ba, sai a gina asibitin da fasalin ƙauye.

Ba sai an je nesa neman fasalin ba, gidan Bahaushe ya isa misali. Zaure guda ne mashiga, mai gida na zaune yana ganin mai shiga da mai fita ba tare da ya riƙe sanda ba. Haka ya kamata mazaunin ma'aikatan jinya ya zama, a inda ido zai kai kowace ƙofa, ba dogon lungu mai kwana-kwana ba. Duk malamin da ya taɓa kula da ɗakin kwanan 'yan makaranta ya san ɓarna a lungu ta ke faruwa. Bayan zaure sai sassa ƙanana, na maza dabam na mata dabam, kowane da tsakar gida, da bishiyar inuwa, da madafa, da wurin alwala da salla, kowane ɗaki da gado biyu, na maras lafiya da na mai jinyarsa. Kada a ɗauki bishiya abin ado kawai. Cikin 1984 wani masani a Amurka, Roger Ulrich, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa fiɗa, tagarsu na duban itatuwa, sun riga masu duban bango barin asibiti, sun kuma bukaci maganin zafi mai ƙarfi kaɗan. In haka ta ke ga mai ciwon ciki, ina ga wanda ciwonsa a zuci ya ke?

Ba mu ce a yi sakaci da tsaro ba. Dole a keɓe sashe ƙarami mai kulle domin wanda ciwonsa ya yi tsanani, na 'yan kwanaki, har ya lafa. Wani babban haɗari a irin wannan asibiti shi ne maras lafiya ya cuci kansa. Saboda haka magina na zamani su kan kawar da duk abin da za a iya ɗaura igiya a kai, ko ƙugiya, ko sandar labule, ko bututun da ke sarari, su sa gilashin da ba ya tarwatsewa, su yi ƙofar da za a iya buɗewa ta waje in an tokare ta daga ciki. Ƙarfen taga da mu ke ɗauka kariya ne, shi kansa maɗaura ne. Waɗannan abubuwa a kan takarda a ke gyara su da fensir, in siminti ya bushe sai da guduma.

Wani zai ce duk wannan tsada ne. To, a tuna da Satumba 2019, sa'ad da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa. Yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, har suna biya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, iyaye za su kai ɗansu wani wuri ko ta ƙaƙa, in asibiti ya kore su daga bakin ƙofa akwai mai karɓarsu.

Ku malaman makaranta da ma'aikatan ofis, ta hannunku takardun nan ke bi. Ku ke rubuta bayanin taro, ku ke buga ƙiyasin kuɗi, wani lokaci ku a ke sa wa cikin kwamiti. In an shimfiɗa zanen sabon asibiti a kan tebur, ku nemi a nuna muku ɗakin mai jinya da madafarsa, ku kuma nemi a kira ma'aikacin jinya guda da wanda ya taɓa jinyar nasa su duba zanen kafin a sa hannu.