Hoton Attajiri, da Matarsa, da Karensu

Masu karatu, a birnin Landan akwai wani gidan adana hotuna mai suna National Gallery. A cikinsa akwai hoton da Jan van Eyck ya zana da fenti a kan allon katako a shekara ta 1434, a garin Buruj na ƙasar Beljiyam ta yanzu.

Hoton na wani attajiri ne, Arnolfini, ɗan kasuwa mutumin Italiya, da matarsa. Suna tsaye cikin ɗaki, hannu cikin hannu. Rigunansu na gashin dabbobi ne masu tsada. Ga lemo a bakin taga, wanda a lokacin daga ƙasashen kudu ake kawo shi, sai mai hali ke saye. A gabansu kuwa ga wani ɗan kare mai gashi buzu-buzu. Ba ya farauta, ba ya gadi. Na ado ne, kamar yadda wasu masu kuɗinmu suke ajiye jimina ko dawisu ko barewa a gida.

To, ga abin mamaki. Duk da wannan arziki, har yau masana ba su daidaita a kan ko wace ce matar ba. Wasu ma suna ganin ta riga ta rasu kafin a yi zanen, domin akwai wasiƙar da ta nuna matar wani Arnolfini na Buruj ta rasu kafin ƙarshen 1433. Ana iya ƙirga gashin karen, amma sunan uwargida ya ɓace.

Mu ma a Fakuwa da Kankiya da Kusada muna son hoto. Ba laifi ba ne. Amma sau nawa ake aron babbar riga da sarƙa, a ci bashi domin hoton biki, sa'an nan damina ta zo babu kuɗin taki, babu kuɗin makarantar yara?

A bangon ɗakin nan mai zanen ya sa madubi, kewaye da shi ƙananan hotuna 10 na shan wuyar Almasihu da tashinsa. Su ne mafi ƙanƙanta cikin hoton, sai an matso ake ganinsu. Haka gida yake. Abin da ke riƙe da shi, wato haƙuri da gaskiya da tsoron Allah, ba ya cika ido daga nesa.

Maigida da uwargida, ku ɗauki hoto da kayan da kuke da su. Ku rubuta sunayenku da shekara a bayansa, domin jikokinku su san ku.