Kaurin Naman Zuciya: A Kawo Dangi a Duba Su

Masu kallon ƙwallo ba za su manta da Marc-Vivien Foé ba, ɗan wasan Kamaru da ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a Faransa a 2003, yana da shekara 28. Binciken likitoci ya nuna naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima.

Mai karatu, irin wannan ciwo gadonsa ake yi. Idan uwa ko uba na da shi, yiwuwar kowane ɗa ya gada kashi 50 ne cikin 100. Wasu sukan yi haki, ciwon ƙirji ko suma idan sun yi aikin ƙarfi. Wasu kuwa lafiyarsu lau a ido.

Don haka a ganina, ranar da aka gano ciwon a jikin mutum ɗaya, ya zama wajibi a kawo iyayensa, 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya a yi masu hoton zuciya da ake kira eko. Haka nan gidan da matashi ya rasu farat ɗaya ba tare da jinya ba.

Kada ku ji tsoron eko. Irin sikanin ɗin da muke yi wa masu juna biyu ne, sai dai a ƙirji ake ɗora na'urar. Ba allura, ba zafi. Da shi likita ke auna bangon zuciya. A babban mutum, kaurin milimita 15 ko fiye abin bincike ne, musamman in babu hawan jini. Idan hoton bai fito sosai ba, sai a tura ka MRI, wanda ke nuna har tabon da ke cikin naman.

Na san kuɗin hoto da nauyi, kuma wasu na gudun a ce gidansu akwai ciwon gado, a fasa auren 'ya'yansu. Amma ɓoyewa ba ta hana yaro gado, magani kawai take hana shi. Wanda aka gano da wuri akan ɗora shi kan magani, a faɗa masa irin motsa jikin da ya dace da shi.

Hoto ɗaya ba ya wadatarwa, domin kaurin yakan bayyana lokacin balaga ko bayansa. A riƙa maimaita wa yara duk shekara 1 zuwa 2, manya duk shekara 3 zuwa 5.

'Yar'uwa mai juna biyu, in akwai wannan tarihi a gidanku, ki faɗa mana tun ranar awon farko. Allah ya ƙara mana lafiya.