Kada Ka Sayar da Gona Kafin Ka Yi Tambaya

Ɗan'uwa, ƙafafunka sun kumbura, kana haki, ba ka iya barci sai ka jingina. A asibitin gwamnati an ce ka dawo bayan wata 2 a ɗauki hoton zuciya. Dangi kuma suna cewa ka tafi asibitin kuɗi a Yawunde. Ka tafi?

Ga shawarata. Idan numfashi yana gagararka ko a zaune, ko ƙirjinka ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, kada ka jira. Je asibiti mafi kusa yau. Rai ya fi saniya.

In kuwa da sauƙi, biya kuɗin ganin likita da hoton kaɗai, ka kawo mana takardar. Yawancin masu ciwon zuciya ba aiki ake yi musu ba. Magani ne kullum, da rage gishiri, da awon jini a kai a kai.

Na yi jinyar wani dattijo da ya sayar da gonarsa, kuɗin suka ƙare a birni. Da ya dawo, ya rasa na sayen ƙwaya, kumburin ya dawo.

Saboda haka tambayi likita: Nawa ne duka? Maganin wata nawa ne? Ana samunsa a garinmu? Ka ji amsa tukuna, sannan ka kwance saniya.